Ɗan Iya a Ɗakin Sanyi

Turai na nufa, wannan kowa a unguwarmu ta Funtuwa ya sani, don ni magana ba ta kwana a cikina. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya ce Doha matakala ce kawai. Wai shekara ɗaya zan yi ina gadi a ofis mai sanyi, fasfona ya sha tambari, daga nan kowace ƙasar Turai da rawar jiki za ta ba ni biza. Na yarda mana. Shekarata ashirin da huɗu, ga difloma a hannu, ina ganin duk layinmu babu wanda ya kai ni wayo.

Sanyin kam na same shi, kujerar ofis ɗin ce babu. Wani ƙaramin kamfani mai karɓar kwangila ne ya ɗauke ni, ya tura ni filin jirgin Hamad tattara turoli, wato kurar nan ta ƙarfe da fasinjoji ke ɗora akwatunansu. Su tura su yar inda suka ga dama, mu bi mu harhaɗa, mu jero su layi guda mu maido ciki. Na kira ejan ina tafasa, ya ce ai filin jirgi ma ofis ne, in gode wa Allah wasu na can suna haɗa siminti a rana. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Abin haushin shi ne kullum Turan nan tana gabana a kan allo. Paris, Rom, Landan, Madrid, suna ta canzawa da lokacin tashinsu. Na haddace jiragen nan tamkar ni ne mai su. A watan farko in na ɗaga kai na gani sai in ce a raina, saura kaɗan, Sadisu. Na cike fom ɗin makarantu a waya har yatsana ya gaji, na bi wani ɗan Kamaru da ya ce yana da hanyar aikin gona a Fotugal, shi ma ya ɓace. Kafin in cika wata takwas na daina ɗaga kai. Ƙasa nake kallo, ina neman turolin da tayarsa ta karkace.

A unguwar Bin Omran muke kwana, wani tsohon gida da aka yanyanka da katako aka mayar ɗakuna. Mu shida a ɗakinmu, gado mai hawa biyu guda uku, girki a lungu, wanka sai layi. Motar kamfani ta ɗauke mu da asuba, ta dawo da mu mun yi laushi. Abincinmu shinkafa da kazar ƙanƙara, in an gaji a sayi burodin kubus a shagon Ba'indiye a haɗa da shayin karak. Juma'a ce kaɗai tamu.

A wannan ɗakin na haɗu da Ɗan Iya. Shi ke gadon ƙasa, ni a samansa. Mutumin wani ƙauye ne can bayan Maigatari, ya girme ni da shekara biyu, ya riga ni zuwa da shekara ɗaya. Ba shi da yawan magana, ni kuma ba ni da birki, sai muka dace. In na dawo ina zazzaga masifa a kan ejan da kamfani da fasinjoji da ranar garin, sai ya zauna yana yanka albasa yana murmushi, in na gama ya ce, “Baturen Funtuwa, wanke hannu ka zo.”

Satina na farko takalmin da kamfani ya ba ni ya matse ni har ƙafata ta kumbura. Ban gaya wa kowa ba, girman kai ya hana. Da safe na tarar ya ajiye mini nasa a bakin gado ya sa nawa ya fita, ya wuni yana ɗingishi. Shi ya koya mini yadda ake tura dogon layin turoli da ƙugu, ba da baya ba, don kada mutum ya tsufa da wuri. Ran Juma'a shi ke yi mana tuwo da miyar kuka, da garin semo da kukar da yake ɓoyewa a ƙasan akwati. Abu ɗaya ne ke haɗa mu faɗa, na'urar sanyaya ɗaki. Ɗan Iya ba ya son sanyi ko kaɗan. A tsakiyar zafin Doha da safa yake kwana, da bargo har ka. Ni in ƙara sanyi, shi ya lallaɓo ya rage, haka muke har gari ya waye.

Duk Juma'a bayan mun ci abinci yakan kira gida, a wayar ƙanen mahaifinsa, Baffa Idi, don mahaifin nasa ya daɗe da rasuwa. Ya yi hira da Baffa, ya yi da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gero da awaki. Can ƙarshe sai ya ce a ba Adda. Wannan gaisuwar ba ta kai minti ɗaya. Kuna lafiya, lafiya lau, ya aiki, da godiya, to madalla. Na ɗauka wata yayarsa ce da ba sa shiri. Sai da muka yi wata biyar na ji cewa ita ta haife shi.

Na ce wace irin gaisuwa ce wannan tsakanin ɗa da uwa, kamar masu haɗuwa a tasha? Ya yi dariya. Ya ce shi ɗan fari ne, kuma sunan kakansa aka sa masa, mahaifin babansa, kunya biyu ke nan ta haɗu a kansa. Ana yaye shi kakarsa Iya ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗan Iya. Tunda aka haife shi Adda ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ce masa ɗana ba, a gaban mutane ko fuskarsa ba ta kallo. In za ta aike shi sai ta ce wani ya zo ya kai wannan gona. In ta ajiye masa abinci sai ta ce akwai kwano a rumfa, ko akwai mai so.

Na ce ai ni Innarmu in ta ƙwala mini kira har bakin titi ana ji. Ya ce, “Ai kai na shida ne, kafin a zo kanka an gaji da kunya.” Na tambaye shi ko abin ba ya damunsa. Ya ci gaba da goge tukunya, ya ce haka ya tarar.

Wata Juma'a cikin tsananin zafi, mun dawo daga masallaci mun ci tuwo, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, zai ɗan kwanta, in tashe shi la'asar. Na ce cin tuwo ne ya yi masa yawa. Na hau gadona ina ta latsa waya a samansa, wajen awa biyu. Da aka kira salla na sauko na daki ƙafarsa na ce tashi, malalaci. Na sake duka. Da na yaye bargon na taɓa wuyansa, sai na ji ya yi sanyi, na zauna a ƙasa.

Motar asibiti ta zo, 'yan sanda suka zo, suka yi mana tambayoyi cikin mutunci suka rubuta. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Aka sa shi a ɗakin ajiye gawa. Ni na kira Baffa Idi na gaya masa, ban san ma da wane baki na faɗa ba. Ya yi salati ya daɗe, sannan ya ce a rufe shi a can, ƙasar Allah duk ɗaya ce, kada a wahalar da shi. Na ce in sha Allahu gobe da safe. A garinmu wanda ya rasu da la'asar ai kafin magariba an dawo daga maƙabarta, ban san akwai inda gawa ke jiran takarda ba.

Washegari na je wurin mandub, wato mai bin takardun kamfani a ofisoshi. Wani Basudane ne mai suna Usman, dogo, mai sanyin hali. Ya yi mini ta'aziyya, ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Turanci. Ba a binne baƙo sai da yardar wanda ya rubuta a matsayin magajinsa, kuma kamfani ba zai fitar da tasa wasiƙar ba, wadda sauran takardu ke jira, sai ya ga wannan yardar. Ya buɗe fayil ya nuna mini. Iya ta rasu kafin Ɗan Iya ya taho, don haka sunan Adda ya rubuta, da hannunsa.

Hanya biyu ce, in ji Usman. Ko a yi takarda a gida, ta dangwala yatsa, hukuma ta buga hatimi, a aiko da ainihinta, wannan zai ci makonni. Ko kuma, alfarmar da ya roƙo wurin manaja, a kira ta a bidiyo a naɗa, ta riƙe katin shaidarta ta faɗi sunanta, ta ce ita ce mahaifiyar wane, ta yarda a binne ɗanta wane a Doha. Ya ce kamfanin ya taɓa binne wani ma'aikaci danginsa suka zo daga baya suka ce ba a tambaye su ba, tun daga nan lauyan kamfani ya rubuta kalmomin da za a faɗa, ba ragi. Na ce wannan ai aikin minti biyar ne, a bar maganar takarda. Wallahi ko kaɗan hirarmu da Ɗan Iya ba ta faɗo mini ba.

A kwana na uku aka samu sabis a ƙauyen. Ina ofishin Usman, Baffa ya ɗaga waya, ya ratsa tsakar gida cike da masu zaman makoki ya kai mata. Ranar na fara ganin Adda. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta tsufa ba, ta ja mayafi har goshi, mata sun kewaye ta. Hancinsu ɗaya da Ɗan Iya. Na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi, na karanta mata abin da za ta faɗa sau biyu. Ta ɗaga katinta. Ta faɗi sunanta da na mahaifinta. Ta ce ta yarda a rufe shi a can, Allah ya ji ƙansa.

Usman ya ce, a rufe wa? Sai ta faɗi suna.

Na ce, “Adda, sunansa za ki faɗa, ki ce ɗanki ne.”

Ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa a bayanta ta faɗi sunan da ƙarfi, Baffa ma ya faɗa. Usman ya girgiza kai, ya ce daga bakinta ake so. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, Ɗan Iya. Usman ya duba fasfo ya dube ni, babu wannan sunan a ciki. Kafin in ƙara magana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki.

Sai a lokacin hirarmu da Ɗan Iya ta faɗo mini. Na yi wa Usman bayanin ɗan fari da sunan suruki iya Turancina. Ya saurara, ya ce ya gane, a ƙauyen kakarsa ma akwai irin wannan. Ya shiga wurin manaja da bidiyon, ya daɗe, ya fito ya buɗe hannuwa. Manaja ya ce matar ba ta ce ɗanta ba ne, ba ta kuma ambaci wanda za a binne ba, shi ba zai sa hannu a kan wannan ba.

Aiki bai tsaya ba. Da asuba mota ta zo, na shiga, kujerar kusa da ni babu kowa. In tura turoli, in ce wa fasinja sannu, in kauce wa yaran da ke guje-guje, raina yana can asibiti. Ranar da na tashi daga aiki da wuri sai in hau bas in je in zauna a benci a bakin ginin da yake ciki. Ba a barin shiga, ni ma ban san me nake zuwa yi ba. Abin da ke cina shi ne sanyin. Mutumin da ke kwana da safa a watan zafi, ga shi an tura shi cikin durowar ƙarfe mai ƙanƙara, ba bargo. Na san gawa ba ta jin sanyi, na yi makarantar allo, ba sai an gaya mini ba. Amma a ɗaki na kasa kunna na'urar nan, har sauran suka fara ƙorafi. A kwana na shida mai gidan ya kawo wani ɗan Uganda ya ba shi gadon.

Aka sake gwadawa a kwana na bakwai. Wannan karon Baffa ya kawo limamin garin, ya zauna daga gefe ya yi mata nasiha, ya ce babu laifi a addini, lalura ce, kuma gaggauta binne mamaci haƙƙinsa ne. Ta ce to. Ta riƙe kati, ta faɗi sunanta, ta zo daidai wurin. Na ga bakinta ya buɗe. Surukanta na zaune, ƙannen mijinta na tsaye a kanta, yara sun leƙo ta katanga. Babu abin da ya fito. Sabis ya ɗauke, hoton ya tsaya a kan fuskarta da baki buɗe, sannan ya mutu.

A kwana na goma sha ɗaya ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Na fito daga aiki ban ci komai ba, ranar kuma ma'aikacin asibiti ya tambaye ni cikin ladabi ko har yanzu ba a sami dangin mamacin ba. Aka kira, aka kai mata waya, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Sai kaina ya yi zafi.

Na ce, “Adda, ke wace irin uwa ce? Kwana goma sha ɗaya yana cikin firji kamar kifi! Da ransa ba ki kira shi ba, ya mutu ma ba za ki kira shi ba? Kalma biyu ce fa. Kunyar wa kike ji, shi da ba ya ji?”

Ba ta ɗago ba. Baffa ya juyo da wayar fuskarsa, ya ce, “Yaro, mun gode da ɗawainiya, Allah ya saka. Amma mu ba a yi mana haka.” Ya kashe. Usman ba ya jin Hausa, amma ya kawar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Baba Sidi ne ya tsamo ni. Dattijo ne ɗan zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin yana direba a wani gida a unguwar Nu'aija, kuma duk Bahaushen da ya rasu a garin nan, na Najeriya ko na Gana, shi ake kira ya yi masa wanka. Labari ya kai masa. Ya zo Bin Omran da motar maigidansa, ya ce in shigo. Na zaci faɗa zai yi mini. Ya tsaya a bakin wani shago ya yi hon, aka kawo mana karak kofi biyu, muka sha. Da ya gama ya ce khalas, ya isa haka, a bar matar nan ta huta, a bi doguwar hanya, yatsa ba ya buƙatar magana. Ya ce da tun ranar farko aka fara takardar da yanzu ta kusa. Bai ce laifina ba ne, ni na faɗa wa kaina. Ni na ce minti biyar.

Baffa ya daina ɗaukar wayata, don haka Baba Sidi ya karɓi lambar, shi ya riƙa magana da su. Ni kuwa na kira Innarmu, ina neman wanda zai ce na yi daidai. Na zayyana mata komai, ina ƙarawa da gishiri. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni ko na taɓa jin sunan Yaya Babba a bakinta. Na buɗe baki zan ce eh, na tsaya. Shekara ashirin da huɗu ina gidan nan, babban wanmu kullum “mutumin Kaduna” ne a bakinta, kafin ya tafi Kaduna kuma “wancan”. Ban taɓa lura ba.

Ta ce, “Matar da ɗanta ya mutu ka yi wa tsawa a gaban surukanta? Kai kana ganin ka fi ta sanin yana cikin sanyi?” Ta ce in nemi gafararta, in kuma ban samu ba kada in ƙara kiranta da wannan maganar. Na nema. Na kira Baffa ya fi sau goma, na tura saƙon murya, ba amsa.

Takarda ta kama hanya, mu kuma muka koma jira. Damina ce a gida, ruwa ya cinye hanyar ƙauyen, mota ba ta fita sai ranar kasuwa. Adda ta dangwala yatsa a gaban dagaci, Baffa ya kai birni aka buga hatimi, aka kai wani birnin aka ƙara wani, sannan aka ba masu jigilar saƙo. Suka ba mu lamba da ake bin saƙon a waya. Ina tura turoli ina dubawa, sau hamsin a wuni. Ya bar Abuja. Ya isa Legas. Rannan na duba na ga ya sauka a wani gari a Jamus, ya kwana biyu a can. Na tsaya a tsakiyar filin jirgi na yi wata irin dariya har wani ɗan Nepal abokin aikina ya zo ya riƙe ni. Yatsan Adda ya riga ni shiga Turai.

Babu abin da zan iya yi, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ni da bakina ba ya mutuwa, na rasa wanda zan yi wa masifa. Manaja yana bin takardar lauya, Usman ya yi iya yinsa, asibiti sun adana shi da mutunci, masu saƙo suna kan hanyarsu. Kowa yana da gaskiya, Ɗan Iya kuma yana cikin durowa. Na rame, wandon aiki ya riƙa zamewa. Na daina zuwa bencin asibiti don na kasa haɗa ido da mai gadin wurin.

Saƙon ya iso a kwana na ashirin da ɗaya. Usman ya bar duk aikinsa ya bi ofisoshi da kansa, kwana biyu yana yawo a rana. A na ashirin da uku aka ba mu shi.

Baba Sidi ya yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Ban so in kalli fuskarsa ba, amma na kalla. Bai canza sosai ba, ya dai yi duhu, jikinsa kuma sanyi ƙalau har cikin tafin hannuna. Na tambayi mai kula da wurin ko akwai ruwan ɗumi, ya ce akwai, ya buɗe mana. Baba Sidi ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan la'asar aka yi masa salla a masallacin maƙabarta. Na zaci mu goma ne za mu tsaya, 'yan ɗakinmu da mutanen Baba Sidi da Usman. Sai ga sahu ya cika da mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, Larabawa da 'yan Pakistan da suka zo jana'izar wani, suka tsaya suka yi tasa, har suka karɓi makara suka taya mu ɗauka. Abokan aikinmu 'yan Nepal biyu suka tsaya daga bakin ƙofa da hulunansu a hannu.

Maƙabartar fili ce fetal, farar ƙasa mai duwatsu, ba bishiya ko ɗaya. Baba Sidi da wani suka sauka cikin kabarin, muka miƙa musu shi, suka kwantar da shi a kan damansa. Ana shirin jera bulo wayata ta fara rawa a aljihu. Na ƙyale. Ta sake, na ƙyale. A karo na uku na ciro zan kashe, sai na ga lambar Najeriya ce da ban sani ba. Na ja baya kaɗan na ɗauka.

Iska nake ji, da ƙarar ganyen dawa, babu hayaniyar gida. Sai muryar mace ta yi sallama. Na gane ta nan take. Daga baya na ji cewa wayar maƙwabciya ta ara, ta sa aka danna mata lambata, ta fita bayan gari cikin gona ita kaɗai.

Na durƙusa a wurin kamar tana gabana. Na ce, “Adda, don girman Allah ki yafe mini, na yi miki rashin kunya, ni ba…”

Ta ce, “An sa shi?”

Na ce an sa shi yanzun nan, ba a rufe ba tukuna.

Ta ce, “Akwai mutane kusa da kai?”

Na ce akwai, amma yawancinsu ba sa jin Hausa.

Sannan ta ce, “Kai mini wayar kusa da shi.”

Na taso na zo bakin kabarin. Mai jera bulo ya ɗago yana kallona, wani Balarabe ya fara magana, Baba Sidi ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na kwanta rub da ciki a kan ƙasar nan mai zafi, na buɗe muryar wayar, na miƙa hannuna ciki iya tsawonsa, daidai kansa. Na ce Adda, ga shi.

Ta ce, “Sulaimanu.”

Ba da kuka ta faɗa ba. Ta ɗan ja ƙarshensa, yadda ake kiran yaro daga tsakar gida in abinci ya sauka. Sau ɗaya ta faɗa, ta yi shiru. Wallahi jira take yi, ina jin numfashinta tana jira. Mu ma duk muka tsaya, har masu shebur, babu wanda ya motsa. Ƙasa tana zubowa daga gefen kabarin a kan likkafanin.

Can ta ce, “To.”

Ta kashe wayar, Baba Sidi ya karɓi bulo na farko.